Katin da Na Ƙi Juyawa

Masu turo mini saƙo kun kasu biyu. Wasu na cewa in haƙura da Wa'il, wai ba sa'ana ba ne. Wasu na cewa in daina noƙe-noƙe in buɗe baki. To 'yan uwa, ranar Talatar nan na buɗe shi. Ni Sabrin, wadda ko ruɓaɓɓen tumatir mai kayan miya ya zuba mini sai in karɓa in ce na gode, ni ce na yi magana a gaban matar da duk unguwar Muharram Bek ke miƙe mata tsaye. Har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

Ga wanda yau ya fara saurarona, bari in taƙaita. A Iskandariya nake, unguwar Bahari, ni da Mamana a ɗaki biyu, hawa na huɗu. Ina aji huɗu na firamare teku ta tafi da Babana da jirginsa, daga nan na ajiye jakar makaranta na koma taya Mama gyaran kifi. Yau shekara shida ke nan ina aiki gidan Madam Despina a unguwar Ibrahimiya. Tsohuwa ce jinin Girkawa, amma a nan aka haife ta, ta fi ni iya zagin mai tasi. Duba take yi wa mutane da katin hotuna da ake kira tarot, wanda ta gada wurin kakarta. Idanunta sun mutu shekarun baya, shi ya sa ta ɗauke ni. Ni nake buɗe kati in faɗa mata abin da ya fito, ita kuma ta yi bayani. Ba ta ma kiran sunana a gaban baƙi, sai dai ta ce “Idona”.

Wa'il kuma mai harhaɗa magunguna ne, a kantinsu nake sayo wa Madam maganin ɗigawa a ido. Wata bakwai ina zuwa ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba, har ranar da ya ce, “Baiwar Allah, ko sau ɗaya ki dube ni mana, kada wata rana a ce ki nuna wanda ya ba ki magani ki nuna firji.” Daga wannan dariyar komai ya fara.

An sa ranar Juma'a za su zo gidanmu a gaisa, in an daidaita a karanta Fatiha. Amma mahaifiyarsa ba ta ce e ba tukuna. Abla Insaf ake ce mata, don Abla ake kiran malamai mata a nan, shekara talatin tana shugabar makarantar 'yan mata. Shi kaɗai gare ta, mahaifinsa ya rasu, kuma tun farko Wa'il ya faɗa mini ba zai tsallake maganarta ba. In ta ce a'a, an gama.

Da safiyar Talatar na tashi na tarar Mama ta sauke duk labulayen falo ta jiƙa a baho. Kujerun nan uku ta lulluɓe su da zanen gado don kada ƙura ta hau kafin Juma'a, mu kuma muna karyawa a tsaye kamar baƙi a tasha. Ina cikin dangwalar wake da burodi ta juyo.

“Zo nan. In matar nan ta tambaye ki aikin me kike yi, me za ki ce?”

“Ina kula da wata tsohuwa.”

“Kula kamar yaya?”

“Ina ba ta magani, ina dafa mata abinci, ina raka ta asibiti.”

“Yauwa. Ki tsaya daidai nan, kada ki ƙara ko gishiri.”

“Mama, rabin gaskiya ce fa.”

“Ba duk abin da ke cikin tukunya ake zuba wa baƙo ba. Ke kin san abin da za ta ce in ta ji kalmar kati? Za ta ce ɗanta mai digiri ya kwaso 'yar aikin boka, wadda ko sunanta sai ta ciji harshe take rubutawa.”

A raina na ce ai sunana ina rubuta shi ba cizon harshe, amma ban furta ba.

Ta sassauta murya, ta gyara mini bakin mayafi. “'Yar nan, shekara shida nake ce wa maƙwabta jinya kike yi. Kawunki ma haka ya sani. Ki bari a ɗaura, in kin shiga gidanki ki ajiye aikin, shi ke nan magana ta mutu. Kuma wannan toka-tokar rigar ta ishe ni, sai ka ce mai zaman makoki. Ran Juma'a shuɗiyar za ki sa.”

Na ɗauki jakata na sauka.

A cikin tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, na sa abin kunne na buɗe saƙon Wa'il. Bai cika rubuto mini ba, muryarsa yake turowa, don ya san dogon rubutu na ɗaukar mini lokaci. Bai taɓa faɗar dalilin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

“Sarauniyar shiru, ina kwana. Jiya na sake yi wa Mama magana. Ta ce tana kan bincike, ran Alhamis za ta ba ni amsa. Kada ki damu, haka take, ko kankana za ta saya sai ta ƙwanƙwasa goma. Ban faɗa mata komai a kan katin ba, yadda Mamanku ta roƙa. Kin karya kuwa? Turo mini ko da tari ne in san kina raye.”

Na tura masa hoton zuciya ɗaya. Ya dawo da cewa, “Yau an yi mini doguwar hira.”

Ba zan ɓoye muku ba, aikin nan na sha kwana da shi a raina. Na san gaibu na Allah ne shi kaɗai, kuma ban taɓa ce wa kowa na san gobe ba. Madam kanta cewa take yi kati madubi ne, wanda ya leƙa fuskarsa zai gani. Amma akwai abin da nake alfahari da shi, ko da ba kowa zai gane ba. Manyan katunan nan ashirin da biyu na san su kamar yadda masu ilimi suka san baƙaƙe. Na san mai rataye da ƙafa ɗaya wanda fuskarsa ba ta nuna wahala. Na san hasumiyar da tsawa ta fasa. Na san dalilin da ya sa ƙaramin kare ke jan rigar mai yawo da ƙunshi a sanda. Ba wanda ya taɓa dukana kafin in iya su.

Har ta baya na san su. Katunan sun girmi Mamana, kowanne da tabonsa. Wannan kunnensa ya karye, wancan kofi ya ɗiga masa, wani kuma marigayi mijin Madam ya ƙona shi da sigari. Baƙo ba zai lura ba, amma ni shekara shida ina shafa su. Madam ta san na sani. Ranar da na faɗa mata, cewa kawai ta yi, “To ki riƙe hannunki da kyau.”

Na tarar da ita zaune a kujerarta ta kaba kusa da taga, ta sa baƙar rigarta mai farin leshi a wuya, gashinta fari fat an naɗe shi da tsinke. Fitilar mai tana ci a gaban hoton Maryamu a lungu. Na haɗa mata kofi, na ɗiga mata magani, na shimfiɗa koren ƙyalle a tebur.

Baƙuwar farko wata 'yar jami'a ce, wando matsattse da gilashi a saman kai. Saurayi ya yaudare ta ya auri ƙawarta. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, “Madam, so nake ki duba mini yaushe karma za ta kama shi.”

“Karma 'yar sandan gidanku ce?” in ji Madam.

“A'a, amma ai an ce duk wanda ya yi mugunta...”

“An ce. Ku yaran yanzu kun tsinci kalmar nan a waya kun mai da ita karen farauta. Idona, ciro mata Mai Sikeli.”

Na ciro na ajiye. Mace ce zaune a kan kujera, takobi a dama, sikeli a hagu, tana kallon mutum ido cikin ido.

“Kin ga ƙafafunta?” Madam ta tambaya. “A zaune take. Ba ta bin kowa gida. Abin da mutum ya kawo da hannunsa ya ɗora, shi take aunawa. Nasa yana can yana jiransa, ba ruwanki. Ke me kika ɗora tun da ya tafi?”

Yarinyar ta yi ƙasa da kai. Ashe wata uku tana buɗe shafukan ƙarya tana zagin amaryar. Ta fita tana share hanci, Madam ta ce in buɗe taga turarenta ya fita.

Bayan na yi sallar Azahar aka danna ƙararrawa. Wata ƙawar Madam ce ta kira tun jiya ta ce za ta turo mata baƙuwa, ba ta faɗi suna ba. Na buɗe ƙofa na ga dattijuwa doguwa, riga ruwan ƙasa har ƙasa mai maɓallai, mayafi ruwan madara an soke shi da allurar zinare daidai ƙarƙashin haɓa, baƙin gilashi, jaka a maƙale a hammata kamar za a ƙwace. Ta dubi takalmana, ta dubi farcena, kafin ta dubi fuskata. Ban san lokacin da na gyara tsayuwa ba.

Ta zauna a bakin kujera. “Ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba,” ta ce.

“Duk wanda ya hau matakalar nan haka yake fara cewa,” in ji Madam. “Hawa uku ne kuma babu lif. Kofi ko shayi?”

“Ba na shan komai. Magana ce a kan ɗana. Ya kawo mini wata yarinya.”

“Ai wannan makon uwaye uku ke nan. Sunan yaron da na mahaifiyarsa.”

Haka ake yi a gidan, da sunan uwa ake kiran mutum, ba na uba ba.

“Wa'il, ɗan Insaf.”

Katunan suna hannuna. Na damƙe su da hannu biyu.

“Yarinyar fa?”

“Sabrin. Uwarta Ni'imat, wai. 'Yan Bahari.” Yadda ta ce Bahari kamar ta taka wani abu a hanya.

Na kalli Madam. Ko gira ba ta motsa ba. Ta san Wa'il, ta san Juma'a, ita ce ma ta ba ni 'yan kunnen da zan sa. Na jira ta ce yau ba ta jin daɗi, ko ta aike ni kicin. Sai kawai ta miƙo tafin hannu ta shafa koren ƙyallen.

“Me kike son sani a kanta?”

“Ba ta yi karatu ba, wannan na sani, kuma na haɗiye shi da ƙyar. Talauci ba abin kunya ba ne, ni ma ba a gidan basha, masu mulki da dukiya, aka haife ni ba. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne munafunci. Shekara talatin ina kallon idon yara mata, na san mai shiru don kunya, na san mai shiru don tana ɓoye abu. Ɗana in na tambaye shi aikinta sai ya hau susar kunne. So nake in san wace ce zan buɗe wa ƙofata.”

“Idona, ba ta ta yanka.”

Na ajiye katunan a gaban Abla Insaf. Madam ta ce ta raba su da hannun hagu, ta cakuɗa a kan tebur, ta zaɓi uku. Na farko halin yarinyar, na biyu abin da ke zuciyarta, na uku abin da zai biyo baya in ta shigo gidan. Ta zaɓa da kan yatsa kamar mai tsoron ƙuna. Na jera su a gabanmu, a kife.

Tun kafin in buɗe su na san su duka uku.

A nan sai na bayyana muku yadda ake buɗewa, don a kansa komai ya rataya. Kati yana iya fitowa a tsaye, yana iya fitowa a juye, kai a ƙasa, kuma ma'anar takan canja gaba ɗaya. Shi ya sa ake buɗe shi daga gefe zuwa gefe, kamar shafin littafi, don ya fito yadda mai tambaya ya ajiye shi. In ka ɗaga shi daga ƙasa zuwa sama kamar murfin akwati, ka juya shi ke nan, na tsaye ya koma juyayye, juyayye ya miƙe. Motsin wuyan hannu ne kawai. Baƙo bai san bambancin ba, Madam kuma ba ta gani.

Na buɗe na farko, mai karyayyen kunne. “Mai Zaki ce, a tsaye.”

“Faɗa mata abin da kika gani.”

Muryata ta fito siririya. “Mace ce ta riƙe bakin zaki da hannu biyu. Babu sanda, babu wuƙa. Fuskarta a kwance.”

“Yarinya ce mai haƙuri,” in ji Madam. “Ta ɗauki abin da ya fi ta nauyi tun tana ƙarama, ba ta yi ihu ba. Irin ƙarfin da ba a jin ƙararsa.”

Abla Insaf ta taɓe baki. “Haƙuri kowa na yi kafin aure. Na biyun.”

Na biyun Mai Littafi ce. Akwai tabon kofi kamar ƙwayar wake a bayanta, ta wajen kanta. Da a tsaye take, da tabon yana can nesa da ni. Ga shi nan kusa da cikina. A juye take.

Na san abin da Madam ke faɗa in ta fito a tsaye: mace mai kamun kai, mai riƙe sirrin gida, mai ilimin da ba a makaranta aka koya ba. Sau ɗari na ji ta faɗa. Na kuma san abin da take faɗa in ta fito a juye.

'Yan uwa, kada in yi muku ƙarya in ce ban yi tunani ba. Na yi. Na ga Mama tana murza labule a baho. Na ji muryar Wa'il a kunnena. Babban yatsana har ya kai gindin katin, inda ake ɗaga murfin akwati. Ba sai na furta ƙarya ba, bakina zai faɗi abin da ido ya gani ne kawai. Wata zuciyar ta ce ai takarda ce, tsohuwar takarda mai warin sigari, a kanta za ki rasa mutum? Sai dai na tuna shekara shida makauniya tana zaune kusa da ni, ta ba ni idonta, ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa “kin tabbata?” ba.

Na zame yatsana zuwa gefe, na buɗe kamar shafi.

“Mai Littafi ce,” na ce. “A juye.”

Madam ta gyara zama. Sannan ta yi magana da muryar da take yi wa kowa, ba ta rage ko kaɗan ba.

“Mace ce da littafi a cinya, labule a bayanta. In ta juye, labulen ne a gaba. Akwai abin da yarinyar take ɓoye miki, kuma ba ita kaɗai ba, da na kusa da ita.”

Abla Insaf ta cire gilashinta ta ninke. Idanunta irin na Wa'il ne sak, abin ya ƙara mini ciwo.

“Na sani,” ta ce. “Hancina bai taɓa yaudarata ba. Ba sai an buɗe na ukun ba.” Ta fara laluben jakarta.

Ban san daga ina muryar ta zo ba. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

“Abla, abin da take ɓoyewa ni zan faɗa miki.”

Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana. “Ke kin san ta ne?”

“Ni ce. Ni ce Sabrin 'yar Ni'imat. Gaskiya ne ina ba Madam magani, ina dafa mata abinci. Amma babban aikina wannan ne da kika gani, ni nake buɗe mata kati. Mamana ta ji tsoron in kin ji za ki hana, shi ya sa ta roƙi Wa'il ya yi shiru. Shi ke nan abin da ke bayan labulen. Babu wani.”

Ina jiyo mai sayar da gas yana buga tukunyarsa a titi. Ban sunkuyar da kai ba.

Abla Insaf ta juya ga Madam. “Wasa kuka shirya mini?”

“Ni na aiko a kira ki?” in ji Madam. “Da ƙafarki kika hau.”

Fuskar Abla Insaf ta yi ja. Ta miƙa hannu da sauri ta fizgi kati na uku. “Wannan ni zan buɗe da kaina, ba hannun kowa.” Ta kama shi ta bakin da ke wajenta ta wuntsula shi ya faɗi a bayansa.

Mai Sikeli ce, kanta a ƙasa, takobin yana nuna cikina.

“Me ya fito?” Madam ta tambaya.

“Mai Sikeli. Amma ba ni na buɗe ba, kuma ta kai aka ɗaga ta. A tsaye take kwance, buɗewar ce ta juya ta.”

Abla Insaf ta yi 'yar dariya ta hanci. “Ai dole. Da ya zo kan abin da zai amfane ki, sai hannuna ya zama mai laifi.”

Ban yi gardama ba. Na ɗauki Mai Zaki na kife ta a gabanta, na buɗe ta gefe, ta fito a tsaye. Na sake kife ta yadda take, na ɗaga ta kai, ta fito a juye. Sau biyu na yi, a hankali. Sannan na kife Mai Sikeli na nuna mata ƙunar sigarin da ke bayanta.

“Wannan ƙunar a wajen ƙafafunta take. Lokacin da na jera, tana kusa da ni. Kin gan ta ko ba ki gan ta ba, ban sani ba.”

Ta sa gilashin karatu, wani daban da ta ciro daga jaka. Ta ɗauki katin ta juya shi, ta gwada da hannunta, gefe, sannan kai. Malama ce, ba a yi mata bayani sau biyu. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye shi ta jawo Mai Littafi, ta kife, ta ƙura wa tabon kofin ido.

“Wannan ma da alama.”

“E.”

“Wato kin san kowanne tun yana kife.”

“Na sani.”

“Kin san wannan a juye take kafin ki taɓa ta.”

“Na sani, Abla.”

“Kuma da kin ɗaga ta yadda na ɗaga waccan, da ta fito a tsaye. Me tsohuwar za ta ce da ta fito a tsaye?”

Madam ce ta amsa. “Da na ce miki ki je ki sayi zobe.”

Abla Insaf ta daɗe tana kallona. Ba kallon takalmi da farce ba wannan karon.

“Babu wanda zai gani,” ta ce.

“Hannuna ne, Abla. Da shi zan ci abinci a gidanki.”

Madam ta jingina da kujerarta. “To, na ukun ba sai na yi bayani ba. An auna a gabanki.”

Abla Insaf ta mai da gilashin cikin jaka, ta rufe zif a hankali. Ta miƙe ta gyara maɓallin rigarta.

“Aikin nan ba na son sa,” ta ce. “Ba zan ce ina so ba don kin burge ni.”

“Amma kin san hanyar gidan,” in ji Madam.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Na raka ta ƙofa. A bakin matakala ta tsaya, ta rage murya.

“Kada Wa'il ya ji na zo nan.”

“Ba zan fara faɗa masa ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan ce a'a ba.”

Gefen bakinta ya ɗan motsa, ta danne shi. “Aji nawa kika tsaya?”

“Huɗu.”

“Wace makaranta ce ta bari kika tafi?” Ba ta jira amsa ba. “Juma'a bayan La'asar za mu zo. Ke na ji naki. Amma ba yarinya kaɗai ake aura ba, da gidansu ake haɗawa. Zan tambayi mahaifiyarki aikin da kike yi, a gaban kawunki da kowa. Abin da ya fito daga bakinta, da shi zan san ko za a ɗaga hannu a yi Fatiha ko shayi kawai muka zo sha.”

Ta sauka tana riƙe da ƙarfen matakala, ƙwas, ƙwas, ba ta waiwayo ba.

Da na koma ciki Madam ta ce in zo kusa. Ta lalubo hannuna na dama ta riƙe shi a cinyarta, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta ce, “Kofin nan ya huce, kuma kin cika masa sukari.” Ta sallame ni in tafi gida tun kafin La'asar.

Ina tiram saƙon Wa'il ya shigo, muryarsa har tana tsalle.

“Sabrin, me ke faruwa ne? Mama ta kira ni yanzu, ta ce ba sai Alhamis ba, in je in yi odar kek ɗin basbusa kilo biyu, mai kirim a sama, ba ta araha ba. Na ce kin gama binciken? Ta ce in kama bakina. Ke kin san wani abu?”

Na danna na riƙe, karo na farko na tura masa murya mai tsawo. Na ce na sani, amma akwai wadda ya kamata ta riga shi ji.

Hawa huɗun gidanmu ban taɓa jin tsawonsu kamar ranar ba. Tun daga na uku nake jiyo Mama tana waƙa, abin da rabonta da yi tun Babana na da rai. Na tura ƙofa. Ta baza labulen a kan tebur tana guga, shuɗiyar rigata a rataye jikin taga an riga an goge ta. Ta ɗago tana murmushi.

“Yau da wuri? Zo ki kama mini bakin nan.”

Na ajiye jakata, na je na zare wayar dutsen gugar daga bango.

“Mama, zauna tukuna. Shekara shida kina rufa mini asiri, na gode. Ran Juma'a so nake ki buɗe shi da bakinki, a gaban Kawu.”

Murmushin ya tsaya a fuskarta. Ta janye zanen gadon da ta lulluɓe kujera da shi, ta zauna.